Tukunyar Kawu Labbo

Tun daga Jega na fara jin haushin Jabbi, alhali bawan Allah bai yi mini komai ba. Mun sauka a zauren wani mai saukar da fatake. Ni na yi sallama, ni na durƙusa na yi bayanin ko mu su wane ne da inda muka nufa, shi kuwa yana tsaye a bayana, ya saƙale sandarsa a kafaɗa kamar wanda ya zo rakiya. Amma da aka fito da fura, gabansa aka dire ƙwaryar, wajensa kuma aka juya ludayin. Na sha, ba zan ce ban sha ba, sai dai bayansa na sha.

Sunana Sahabi, mutumin Taloka ne ni, ta ƙasar Goronyo. Gidanmu manoman albasa da tafarnuwa ne tun kakanni. Jabbi Bafillatanin Boyekai ne, sa'ana, ciwo ya share garken ubansa ya bar shi da sanda. Shekarun nan ne da fara ta yi ta cinye gero, Nasara kuma bai fasa karɓar haraji ba, samari suka yi ta watsewa. Ni dai ina da inda za ni. Innata tana da wa, Labbo, wanda ya tafi Gwanja tun ina goye. Labari ya zo cewa ya zama kukun Turawa, kuma bai taɓa haihuwa ba. Na ƙudurta a raina in same shi, ya koya mini aikinsa, ya san yana da ɗa a duniya. Inna ta cika mini burgame, jakar fata, da tafarnuwar gonarta, ta ce in kai masa. Jabbi kuwa ba wanda ya gayyace shi. Ya ji zan tafi, ya biyo ni.

A Ilo muka ƙetare Kwara. Rana ta riga ta dafa burgamen, duk inda na zauna sai mutane su fara matsawa. Mai jirgin ya toshe hanci, ya tura ni can ƙarshe wajen awaki, ya kira Jabbi ya zaunar da shi kusa da shi, har yana nuna masa inda dorina ke fitowa. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi Rima faɗi ba sai ranar. Tsoro ya kama ni, na rungume burgamena ina salati, wata akuya tana taunar bakin rigata.

Da muka sauka Jabbi ya ce, "Sahabi, kawo burgamen ga in riƙa ma, ka huta."

Na ce, "Mi kaka yi da shi? Saƙon kawuna na, ba na kawunka ba."

Ya yi murmushi. Murmushin nan nasa shi ke ƙara ƙona ni, don ba ka samun abin kamawa a ciki.

A Jugu, cikin ƙasar Faransa, aka cuce mu. Muna tambaya a zango ko akwai wanda ya san Labbo kuku, sai wani dattijo mai dogon carbi ya dafa ƙirji ya ce ai Labbo amininsa ne, tare suka ci goro bara. Ya ce zai haɗa mu da ayarin da zai kai mu har ƙofar ɗakinsa, amma ayarin bai iso ba tukuna, kafin nan mu ɗan taya shi aikin gona. Muka shiga tara tudun doya. Mutumin fadama ne ni, na san fartanya, amma ƙasar can ja ce mai nauyi, hannuwana suka yi kanta suka fashe. Wata ya kama ya ɓace, ayari shiru. Ranar da na matsa masa, sai ya ce, "Labbon nan dai, gajere fari mai gemu, ko?" Inna kuwa ta gaya mini wanta dogo ne baƙi, kofaton jaki ya bar masa tabo a goshi. Na juya na dubi Jabbi, na ga bai yi mamaki ba.

"Tun randa munka zo nig gane bai san shi ba," in ji shi a kan hanya.

"To mi yah hana ka hwaɗi?"

"Na ga kana murna."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, lokacin da za mu fita, matar macucin ta biyo mu da ƙullin ƙuli-ƙuli, ta wuce ni ta saka shi a hannun Jabbi. Ko a gidan da aka cuce mu tare, shi aka tausaya wa.

Damina ta kama mu sosai kafin Sansanin Mango, nan zazzaɓi ya kayar da ni. Wata tsohuwa mai sayar da koko ta bar mu muka kwanta a rumfarta. Ba ta jin Hausa, mu ba mu jin nata. Takan zo da safe ta dafa goshina, ta yi ta magana a hankali da yarenta, ta ɗura mini koko mai zafi da wani ganye mai ɗaci. A duk tafiyar nan ita kaɗai ta fi kula da ni a kan Jabbi, ita ma don ina kwance ne. Ina jin ruwa na dukan ciyawar rumfa, sai in ga fadamar Taloka, in ga Inna ta sunkuya tana cirar albasa, in ji kamar in tashi in kama hanya da rarrafe. Na yi kuka a rumfar nan, na juya wa Jabbi baya don kada ya gani. Da na ɗan farfaɗo shi ya goya ni muka ƙetare wani rafi, burgamen yana rataye a wuyansa. Na gode masa. Ban ji daɗin gode masa ba.

A Salaga aka ce mana Labbo yana Kumasi. A Kumasi muka shiga kurmin da ba ka ganin ƙarshen sama, ko'ina danshi, tuwonsu sakwara da miya mai ruwa. Muka yi ta yawon zango har muka sami wani mahauci Basakkwace, ya ce ya san Labbo, amma ya daɗe da barin gari. Yana bin wani Bature ɗan Italiya mai kwangilar hanya, can arewa, kusa da inda muka baro. Wato hanyar da muka sha wahalar saukowa ita za mu sake hawa. Mahaucin ya ba mu ƙafar sa muka dafa, ya ce mu gaishe masa da Labbo.

Sansanin masu hanya ba gari ba ne. Bukkoki ne na leburori a gefe guda, tantin Bature a kan tudu, sai wata rumfar kwano a bayansa mai hayaƙi. A nan na ga dogon mutum baƙi ya sunkuya kan murhu, da tabo a goshi. Na yi sallama. Ya ɗago, na ga idanunsa sun fara fari. Kafin in ce komai ya ɗaga hanci ya shaƙa.

"Tahwarnuwar Taloka ta wagga," ya ce. "Wa ad da ita?"

"Ni na, Kawu. Sahabi, ɗan ƙanwarka Hajo."

Ya shafa fuskata da hannu mai garin alkama, ya zaunar da ni, ya yi ta tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, ina cewa wannan ya rasu, wannan yana nan. Ya zazzage burgamen, ya ɓare kai guda ya riƙe a hanci. Danshin kurmi ya sa wasu sun tsira, wasu sun ruɓe, amma fiye da rabi suna nan garau. Wannan yinin nawa ne, ba wanda ya raba ni da shi. Sai can wajen la'asar ya tambayi wane ne wancan da ke tsaye. Na ce wani ne muka zo tare. Jabbi ya durƙusa ya ce shi mutumin Boyekai ne. Ashe Kawu ya yi ƙuruciya da Fulanin Boyekai, yana jin Fillanci. Ya jefa masa wata magana, Jabbi ya mayar, suka tuntsire da dariya su biyu. Ni ba na jin ko kalma ɗaya. Na zauna da burgame wofi a cinya ina kallonsu.

Washegari Kawu ya gaya mana yadda abin yake, bai ɓoye ba. Idonsa na tafiya, Bature ya yarda Kawu ya ɗauki mutum ɗaya ya koya masa, wanda zai gaje shi. Mutum ɗaya, ba biyu ba. Ɗayan sai dai ya bi leburori fasa dutse. Ya ce mu zauna duka zuwa ɗaukewar ruwa, mu ci daga tukunya ɗaya, sa'an nan a ga wanda hannunsa ya faɗa. Na yi tsammanin zai ce ai ga ɗansa ya zo, magana ta ƙare. Ban yi tafiyar nan don a gwada ni da wani ba, na kuma gaya wa kaina cewa ko zan mutu a bakin murhun nan, ba Bafillatanin da zai gaji kawuna ina raye.

Leburori suna kiran Baturen Mai Hannuwa, don in yana magana hannuwansa sun fi bakinsa aiki. Zai ci komai, amma ba ya yini ba burodi. A gari akwai tanderu na gini, a nan kuwa sansani na tashi duk lokacin da hanya ta yi gaba, saboda haka Kawu a tukunya yake gasawa. Babbar tukunyar ƙarfe ce mai ƙafa uku. Ana zuba rairayi mai tsabta a gindinta kamar kaurin yatsa biyu, a rufe, a bar ta ta yi zafi a kan garwashi, ba a kan harshen wuta ba. Sai a sa kwaɓin cikin gwangwani da aka shafa wa mai, a ɗora kan rairayin, a rufe, a kwashi garwashi a zuba bisa murfin. Wutar sama ta fi ta ƙasa yawa, in ba haka ba gindi ya ƙone, kai yana ɗanye. Ba a buɗewa a leƙa. Kawu da hanci yake sanin ya yi, wani lokaci ya kara bayan hannunsa kusa da cikin tukunyar ya ce a rage wuta.

Abin da ke tayar da kwaɓin shi ne matsalar. Bammi ne. Wani mutumin ƙauye ke kawo shi a kwalba da sassafe, yana kumfa, a zuba a gari da ɗan sukari da gishiri, a murza, a rufe da tsumma a ajiye a rana. Ranar farko da na ga kwalbar na ja da baya. Kawu ya ce, "Ba sha za ka yi ba. Zuba, sa'an nan ka wanke hannunka." Na zuba da hagu ina ɗauke numfashi. Kafin wata ya zagayo na daina ɗauke numfashin, na kuma iya. Ba yabon kai ba, na iya. Nakan murza kwaɓi har ya daina kama hannu, ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. Burodina yana tashi ya taɓa murfi, in ka ƙwanƙwasa gindinsa ya amsa. Na Jabbi kuwa rabi yake tashi, don ƙyanƙyami yake yi, ba ya zuba bammin yadda ya kamata. Duk ranar da nasa ya zauna, cikina fari ƙal.

Tafarnuwar ma ni ta ɗaga. Mai Hannuwa ya leƙo rumfa wata rana ya gan ta a shanye, ya tsaya cik. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya murje a yatsa ya shaƙa, ya ɗaga hannuwa sama yana ta surutu da yarensu. Ya sa aka yanko burodin jiya, aka ɗora yankan a kan murfin tukunya mai zafi har suka yi ja, ya goga musu ɗanyar tafarnuwa, ya ɗiga man zaitun daga wani gwangwani da yake ɓoyewa, ya barbaɗa gishiri. Ya ci a tsaye, idanunsa a rufe. A gida magani muka ɗauki tafarnuwa, ta mura da ta sanyin ƙirji, sai ɗan abin da ake jefawa a miya. Ban taɓa ganin mai cin ta haka don daɗi ba. Na nuna ƙirjina na ce ni na kawo. Ya dafa kafaɗata. Daga baya ni na gano cewa in aka daka ta da gishiri aka gauraya da mai, aka shafa wa yankan kafin a gasa, aka kife kwano a kai a wuta marar ƙarfi, ta fi shiga ciki, kuma ba ta ƙonewa ta yi ɗaci. Kawunan tafarnuwar da suka tsira kuma na dasa su a bakin rafi, na yi musu ƙananan fangali irin na gida.

Duk wannan Kawu yana gani, ko in ce yana ji. Yakan ce, "Ya yi." Shi ke nan. Amma in an gama aiki, da Jabbi yake zama a inuwar kwano. Jabbi ke zuba masa ruwan alwala, shi ke cire masa ƙaya, shi ke gaya masa ga dutse nan a gabanka. Ni ma zan iya yin waɗannan, amma ina bakin murhu ina kare gadona, kafin in juyo an riga ni.

Akwai abin da na gani kullum ban sa shi a rai ba. Kawu ba ya ɗanɗana burodi. Yana gasa shi tun kafin a yaye ni, amma ko ɓarɓashi ba ya kaiwa baki. Na ɗauka dokar kuku ce. Jabbi ne ya tambaye shi, da Hausa kuma, ina tsugune ina hura wuta.

"Baffa, mi yas sa ba ka ci?"

Har Baffa yake ce masa. Kawu ya ce, "Da bammi aka yin shi. Wani malami ya ce mani wuta ta cinye haramcin, wani ya ce ba ta cinye ba. Ni kau ban da ilimin raba su. Sai nib bar ma Nasara abinai." Ya ɗan yi dariya. "Ƙamshin dai nika ci. Ƙamshi ba shi da laihi."

Na ji tausayinsa, na ci gaba da hura wutata. Bayan kwana kaɗan Jabbi ya ɓace tun safe, ya dawo da rana tsaka da ƙwarya a kai. Ashe ya gano wata ruga a hayin rafi, ta Fulanin da ke kiwon shanun sarkin wurin. Ya samo nono mai tsami da curin man shanu, ya kuma roƙo guntun kanwar da suke ba shanu. Ya jiƙa kanwar ya tace ruwan, ya kwaɓa gari da nonon, ya ɗiga ruwan kanwa. Kwaɓin ya ɗan yi tsuwa ya kumbura.

Nan da nan na gane abin da yake yi, na ji kamar an soke ni. Haka ake yi wa ƙullun masa in ya yi tsami, a ɗiga ruwan kanwa ya taso. Innata mai masa ce a kasuwar Goronyo. A gindin tandarta na girma. Ni ya kamata abin nan ya zo wa, sai ya zo wa wanda uwarsa ba ta taɓa soya masa ba.

Na farko ya fito rawaya, yana ɗacin sabulu, kaji ma sun ƙi shi. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na biyu ya yi tauri, na ce a kai wa masu fasa dutse. Jabbi ya yi ta rage kanwa yana ƙara nono, Kawu na ba shi ragowar garin da aka kankare daga buhu. Wata ranar Juma'a, bayan an sauko, ya buɗe tukunya, sai ga abu ya fito. Bai tashi kamar nawa ba, gajere ne mai nauyi, ya tsage a ka, amma burodi ne.

Jabbi ya juyo wajena. "Sahabi, kai ka iya tahwarnuwa. Yi muna irin wadda kaka yi."

Na so in ƙi. Amma Kawu na zaune yana jira, hannuwansa a kan gwiwa. Na ɗauko daga cikin ta Inna ta ƙarshe, na daka da gishiri, na gauraya da man shanun, na yanka burodin na shafa, na jera a kan murfi na kife kwano. Na tsaya a kai kamar raina, ban bari ko gefe ɗaya ya ƙone ba. Ƙamshi ya cika rumfar. Na ɗauko yanka mafi kyau, ni da hannuna na sa a hannun Kawu.

Ya yi bisimilla ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa. Hawaye suka biyo fararen idanun nan, bai share ba. Ya cinye, ya lashe yatsa, ya miƙa hannu yana laluben iska. Na matso. Hannun ya wuce ni, ya sami kan Jabbi.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Yau nis san abin da nika yi shekaru."

Tafarnuwar uwata ce. Ni na ɗauko ta a wuya daga Taloka, aka zaunar da ni cikin awaki saboda ita. Ni na daka, ni na gasa, ni na miƙa. Na tashi na tafi bakin rafi wajen fangalina, na yi ta cirar ciyawar da babu ita. Kishi ne, na san sunansa tun a lokacin, ban kuma ga dalilin da zai hana ni yin sa ba.

Da ruwa ya ɗauke, Kawu ya kai wa Mai Hannuwa burodi biyu a faranti, nawa da na Jabbi. Baturen ya gutsuri na Jabbi, ya auna shi a tafin hannu, ya yamutsa fuska ya ture. Ya ɗauki nawa ya matsa, ya ga ya dawo, ya sumbaci yatsunsa. Ba a yi wata doguwar magana ba. Kawu ya dawo rumfa ya ce, "Sahabi, tukunya taka ta." Ya ba ni wuƙarsa da farar rigar aiki. Na sa rigar nan na zaga sansani sau ba adadi, na wuce ta gaban Jabbi ina gyara wuya. Ya ce, "Barka, ta yi ma kyau." Na tambaye shi ko ya zaɓi gudumar da zai fasa dutse da ita. Rabona da farin ciki irin na ranar tun isowata.

Kwana biyu na yi ina jin daɗin. A na uku da hantsi na dawo daga ɗibar rairayi, na tarar Kawu yana naɗe tabarmarsa, Jabbi na ɗaure buta da ƴan tsummoki a sanda.

"Ina zuwa, Kawu?"

"Gida. Ina son in ji muryar Hajo tun kunnena bai bi idona ba. Jabbi za shi ja ni."

Na ajiye kwanon rairayin. "Ni na ɗan ƙanwarka. Ni niz zo nemanka. In ja na, ni ya kamata in ja ka."

"Na shina. Don hakanan nib bar ma abin da nit tara duka. Ban da gona, ban da shanu, tukunyar ga ɗai gare ni, kuma jinina nib ba."

"To a ba shi tukunyar. Ni in kai ka."

"Nasara ba shi son burodinai, ka gani da idonka." Ya gyara hularsa. Sa'an nan ya faɗi abin da har yau ban gama haɗiyewa ba. "Kuma Sahabi, hanyar ga da nisa. Makaho ba shi iya tahiya wata da watanni da mutum mai hushi. Kai yaro na na kirki, hannunka na da kyau. Amma tun randa kaz zo, ko ruwa kab ba ni, sai ka duba ko wani na kallo."

Na so in ce ai saboda shi nake fushin, amma na ga in na faɗa na ƙara tabbatar masa. Jabbi ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya, ya kasa dubana. Na shiga rumfa na ƙunsa musu burodin nono guda biyu da ragowar man tafarnuwa a gwangwani, na ce a gaida Inna. Na raka su har inda sabuwar hanya ta ƙare. Jabbi na gaba riƙe da kan sanda, Kawu na baya riƙe da gindinta. Ina jin Fillancinsu yana raguwa har ya ɓace. Daga kan tudu Mai Hannuwa ya fara ƙwala kira, na koma na hura wuta.

Na yi shekaru a wajen Baturen nan, muka ja hanya har kusa da iyakar Mosi. Ya riƙe ni da kyau. Da yaƙi ya tashi, Ingilishi suka zo da mota suka tafi da shi, don ƙasarsa na gaba da tasu, sansani ya watse. Na ɗaura tukunyar a kai na kamo hanyar gida. Da ita na ci abinci a Wurno da Rabah har tsufana, da nono da kanwa nake yi, don ba mai sayen na bammi a ƙasarmu. Mutane suna yabawa, ba na gaya musu wanda ya fara.

Ban tarar da Kawu ba. Ya yi damina biyu a Taloka ya rasu, Jabbi ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Inna ce ta ba ni labarin ranar da suka iso, muna zaune a tsakar gida, tana ɓarar tafarnuwar iri, tana dariya kamar abin dariya ne.

"Ina hwadama nih hango dogon mutum da saurayi na jan shi. Nic ce wallahi Sahabi na, ya kawo mani ɗan'uwana. Nij jefa kwashen noma, ina guɗa ina kiran sunanka, mutane sunka hito. Sai da sunka matso nig ga ba kai na ba."

Na ce, "To sai kinka yi mi?"

"Mi za ni yi? Akwai zakaran da nika kiwo tun tahiyarka, na ce ba a taɓa shi sai randa kad dawo. Na riga na ce a kama shi tun daga nesa. Ba a mai da wuƙa."

"Wa yac ci?"

"Kawunka ba shi da haure," in ji ta. "Jabbi yac ci. Yaron kirki, har ƙashi bai bari ba."